Ba-Ciniki, Injin Ɗanasabe

"Ku dube ni da kyau," in ji Ɗanasabe, yana tsaye a gindin mangwaron tashar Kwanar Dangora, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana korar ƙuda daga tiren kifi. "Ku ƙare mini kallo yanzu da ake ganina kyauta. Kafin ruwan fari ya sauka bana, duk mai son magana da ni sai ya bi layi. Abin da ke cikin kan nan, injiniyoyin da suka datse Tiga ba su da rabinsa. Su ruwa kawai suka tare. Ni surutun mutane zan tare."

Ni da ke ba ka labarin nan, abokina, teburin shayina yana daf da tirensa a shekarun, wato bayan an canja kuɗi an bar fam an kama naira, ruwan Tiga kuma ya cinye ƙauyen su Ɗanasabe an kwaso su an zube kusa da titi. Saboda haka kunnena ya sha abin da ya sha. Gogan naka dogo ne siriri mai wuya kamar na zalɓe, ga wata hular Turawa mai baki da ya ce a Ikko aka ba shi. Ikkon nan kuwa sau ɗaya ya taɓa zuwa, a bayan motar shanu, aikinsa tayar da duk dabbar da ta kwanta. Amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya haƙa tekun. Tun da ya dawo ya hana a kira shi da sunansa, sai Injiniya. Mu kuwa muka raɗa masa Na-gani-a-Ikko, don ko tuwo ka ajiye masa sai ya gaya maka yadda ake tuƙa shi a can.

Sana'ar gidan ba tasa ba ce, ta matarsa Delu ce. Masunta na kawo mata karfasa da tarwaɗa daga Tiga a kan keke, ta gyara, ta soya, ta barbaɗa wani yaji da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Direbobin hanyar Doguwa da na Zariya ba sa wuce Kwana ba su tsaya don kifin Delu ba. Aikin Injiniya ɗaya ne tak: ya zauna a bakin tire ya sayar. Wannan ɗin ne kuma ya fi ƙi a duniya, don shi a ganinsa babban mutum ba ya tsayawa ana taya masa kifi yana cewa albarka.

Wadda ta fi ƙona masa rai ita ce Iya Laraba, wata tsohuwa daga Dangora mai sayar da daddawa. Iya Laraba ba ta sayen kifi sai ta tambayi lafiyar Delu, da yara, da awaki, da ciwon bayan kakarsa wadda ta rasu tun ana zaune a tsohon gari. Sannan ta juya kowane kifi ta leƙa masa ido, ta taya rabin kuɗi, ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. In an sallama mata kuwa sai ta miƙa hannu ta ce, "Gyara fa, ɗan nan?" Tun da take, in ji ta, ba ta taɓa barin gyara a wurin ciniki ba, ko allura ta saya.

Ranar da ya yi mana wancan cika baki, ya koma gida ya tarar da Delu tana wanke kifin gobe a tsakar gida.

"Delu, kin auri mutumin da ya fi ƙarfin zamaninsa."

"Sannu da zuwa, Malam. Ina tiren?"

"Injiniya."

"Sannu da zuwa, Malam Injiniya. Ina tiren?"

Ya ajiye tire ya gyara tsayuwa ya zayyana mata. A ƙofar wani babban otel a Ikko ya ga akwatin ƙarfe, wani Bature ya jefa masa kuɗi, kwalbar lemo ta faɗo. Ba sallama, ba taya, ba albarka, ba gyara. Irinsa zai ƙera na kifi. A jefa sule, kifi ya faɗo, shi kuwa yana can inuwa yana shan iska.

Delu ta yarfe hannu ta ce, "To, Malam, su can lemo ne, kwalba duk ɗaya ce. Kifi kuwa wani ya fi wani, kowa so yake ya juya ya zaɓa. Amma ga shawara. Akwai tsohuwar zana a bayan rumbu. Ka kafa ta a tasha, ka huda mata rami, ka zauna a baya ka ja bakinka ka yi shiru. Wanda ya jefo sule ka turo masa kifi. Yini guda ya isa ka gane ko mutanenmu za su sayi abinci wurin wanda ba ya amsa sallama. In sun saya, sai ka kira maƙeri. In ba su saya ba, zana ce, a mayar da ita bayan rumbu."

Ɗanasabe ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni? Ni zan shiga bayan zana in tsuguna kamar mai gudun haraji? Gwaji na masu shakka ne, Delu. Ni da idona na gani a Ikko."

"Cikinsa ka gani ko wajensa?"

"Mai ƙwaƙwalwa irin tawa, waje ya ishe shi."

Yanzu sai in gaya maka maganar kwanon rufi, don a kansa komai ya tsaya. A tsohon garinsu ɗakin Delu na ƙasa ne mai yoyo, ta yi damina da yawa tana tare ruwa da ƙwarya da tasa, tana raba yara da jiƙaƙƙiyar tabarma. Da aka dawo sabon wuri ta ƙudura a ranta ita da yoyo har abada. Da hayaƙin kasko da ƙunar mai ta haɗa kwano falle-falle har ta rufe ɗakinta, shi kaɗai ne mai kwano a layinsu. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe Delu ta yi kukan daɗi, kowa ya gani. Tana son kwanon nan so na gaskiya, ba na ado ba.

Sai aka yi suna a gidan ƙanwarta a Yako, ta kwashi yara ta tafi. Da ta dawo ta shiga ɗaki ta ɗaga kai, sai ga sama tarwai, shirwa na shawagi a inda rufi yake.

"Malam, ina rufin ɗakina?"

"Aro na yi, Delu. Ke da za ki hau bene, me za ki yi da kwano? Kafin damina injin ya mayar miki da goma irinsa."

Delu ba ta yi kururuwa ba, ko da yake ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta tsaya ta dubi katakon da aka bari tsirara, ta dubi gadonta da jeren kwanukanta duk a fili, sannan ta ce, "Na ji. Amma ka riƙe wannan. Ranar da na ga hadari ya haɗu, zan karɓi kwanona ko a ina yake, ko waye a kansa, ko waye a ƙarƙashinsa."

"Mata ke nan," in ji Injiniya, "ba hangen nesa."

Kwanon yana maƙerar Mainasara, mai ƙera bokiti da akwatin amare a bayan tasha. Mainasara mutum ne mai sanyin hali, in ka ce ya ƙera wa kaza takalmi zai auna ƙafarta. Duk da haka sai da ya yi magana.

"Injiniya, da mun fara da ɗan ƙarami na gwangwanin madara, mu ga yadda zai yi, kafin mu huda kwanon mutane."

"Ka taɓa ganin an haifi jirgin ƙasa yana jariri? Buga, malam."

Mainasara ya buga. Suka tayar da wani abu mai kama da rumbun da ya yi fushi, ya fi mutum tsawo, kwano gaba da baya da sama. A ciki suka kafa ƙafar keke, suka ɗaɗɗaura mata gwangwanaye, kowanne da kifi ɗaya. Sule zai faɗa kan cokali, cokali ya danna ƙarfe, ƙarfe ya ja sarƙar keke, ƙafa ta juya, kifi ya sulalo ta indararo. A baki dai abin ya tsaru, har ni sai da na gyaɗa kai. Da aka gama Mainasara ya ce a kawo sule ɗaya a jefa a gani.

"A'a," in ji uban dabara. "Amarya ce, ba a buɗe mata fuska a maƙera. Sulen farko a gaban jama'a za a jefa shi."

Ranar kasuwa aka turo shi a amalanke aka kafa a tsakiyar tasha, a rana, don kowa ya ga ƙyalli. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, amma Injiniya ya ɗora wata tsohuwar kwat a kan rigarsa. Ya hau kan bencina ba tare da ya tambaye ni ba, ya ce wa taro sunan injin Ba-Ciniki, daga yau an kashe taya an binne gyara a Kwanar Dangora, kuma nan ba da daɗewa ba zai kafa ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kiru, ɗaya a Bebeji, na huɗun a ƙofar otel ɗin Ikko don su ga an fi su.

Wa kake tsammani ta fara matsowa? Iya Laraba, da ƙwaryar daddawa a ka.

"Salamu alaikum," ta ce wa kwano.

Shiru.

"Ina kwana? Yaya zafi?" Ta kasa kunne, ta juyo. "Ɗan nan, kurma ne?"

"Iya, ba ya magana. Sule za ki jefa a ramin nan, kifi ya fito."

"Ban gani ba, ban taɓa ba, ban taya ba, in ba da sule? Ko mijina sai da na leƙa shi ta katanga kafin a ɗaura. Kuma abin da ba ya amsa sallama ba na cin abincin hannunsa." Ta gyara ƙwaryarta ta koma gefe, mata da yawa suka bi bayanta.

Sai Buba direba ya taso, wani ƙato mai jan gingimari a hanyar Doguwa, wanda ba ya ƙin abin dariya. Ya jefa sule. Injin ya yi ƙara, ya yi tari, ya yi shiru, can sai ga wata 'yar mitsitsiyar karfasa ta sulalo, wadda ko kyanwa aka ba sai ta nemi ƙari.

"Kun gani?" in ji Ɗanasabe, yana juyi a kan bencina. "Kun ga aikin ilimi?"

"Na gani," in ji Buba. "A canja mini, tarwaɗa nake so, tsakiya."

"Ba ya canji."

"Yaji fa?"

Injiniya ya leƙa cikin indararo. Ba wanda ya tuna da yaji.

Buba ya sake jefa sule don a zauna lafiya. A lokacin rana ta narkar da man kifin, ya bi sarƙa ya jiƙe ta, sai ta zame. Injin ya haɗiye sulen ya yi gum. Ɗanasabe ya cusa hannu cikin indararo har kafaɗa yana lalube, kumatunsa manne da kwano mai zafi, yana ce wa jama'a wai gaisawa suke yi da injin. Da ƙyar aka zaro hannun, kwat ta bar rabin hannunta a ciki.

Yana can yana shafa wa kumatu ruwa, 'yan kamasho suka gano abin da mai injin bai sani ba. In ka daddaƙe marfin kwalbar lemo ka jefa, Ba-Ciniki ya fi murna da shi a kan sule, kifi biyu yake bayarwa. Tsohon kwabo mai huda da aka daina karɓa kuwa, har uku. Kafin la'asar kifin Delu ya ƙare ƙaf, tasha duk ƙaya. Wanda ya rufe taron wani dattijon Bafillace ne da ya ce ba ya zuwa wurin baƙo hannu rabbana, ya tura ɓarin goro a ramin. Goron nan ne ya shaƙe injin gaba ɗaya.

Wani mai hankali da a nan ya tsaya, ya kwashe kwano ya kai gida ya ba matarsa haƙuri. Ga shi iska ta fara juyawa, da magariba ana hango walƙiya can wajen Doguwa. Amma Na-gani-a-Ikko sai ya sake hawa bencina.

"Jama'a, na gano matsalar. Akwai wani maɓalli da ban kunna ba, na magana. Tun da ku mutanen ƙauye ne sai da surutu, gobe Ba-Ciniki zai amsa sallama. Ni kuwa ba za ku gan ni ba, manya sun aiko daga Kano suna son ganawa da ni."

Washegari da asuba ina hura wutar shayi na hango su shi da Mainasara a bayan injin. Suka fitar da ƙafar keke da gwangwanaye, gogan ya rungumi tiren kifi da ƙullin yaji da wani mazurari ya shige, Mainasara ya mayar da fallen baya ya ɗaure tam da waya ya murɗe da filaya. Abin da Injiniya bai lura da shi ba, kwanon gaba bai kai ƙasa ba. Manyan yatsun ƙafarsa biyu suna waje suna kallon titi, na dama da wani tsohon farce da sa ya taka masa a hanyar Ikko. Duk tashar ba wanda bai san farcen nan ba. Kuma duk tashar ba wanda ya ce uffan, don ba a ɓata wa mutum bikinsa.

Iya Laraba ce kaɗai idonta bai kai ƙasa ba. Ta zo ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji injin, da wata murya ta hanci daga cikin mazurari.

"Ikon Allah. Yau ka warke? Ina kwana? Yaya baƙunta? Yaya mutanen Ikko?"

"Lafiya ƙalau. A jefa sule."

"Daɗina da ku yaran zamani gaggawa. Turo in gani tukuna."

Injin ya turo karfasa. Ta juya ta, ta leƙa mata ido, ta mayar ta cikin indararo. Ya turo wata, ta mayar. Sai da ta ga kifin tiren kusan duka, sannan ta taya rabi.

"Albarka," in ji Ba-Ciniki.

Da a bakin tire ne, Ɗanasabe kan kau da kai ya yi kamar yana magana da wani. Yau ba inda zai kau da kai. Iya Laraba ta ajiye ƙwarya, ta zauna a gindin indararo ta miƙe ƙafa, ta fara ba injin labarin yadda ake sayar da kifi kafin a haifi uwarsa. Tun ana albarka da ƙarfi har aka koma albarka a hankali, daga ƙarshe aka sallama.

"Gyara fa?"

Kan tarwaɗa ya sulalo.

"Wannan na ciniki ne. Na sabon shiga fa?"

Jela ta biyo baya. Iya Laraba ta ƙulle kayanta tana sa albarka, ta ce injin nan ya fi mai shi tarbiyya nesa ba kusa ba.

Nan fa ciniki ya buɗe. Kowa ya zo sai ya gaisa, ya zaɓa, ya mayar, ya taya, ya karɓi gyara. Rana ta take tsaka, kwano ya ɗauki zafi har ba a iya dafa shi. Muna jin motsi a ciki, sai ga gumi yana gangarowa ta kan yatsun nan yana jiƙa ƙasa. Mainasara kuwa, wanda ya yi alkawarin kwance waya da azahar, an kira shi gyaran garma a Dangora, ya tafi da filayarsa a aljihu.

Buba direba ya jawo benci ya zauna a gaban injin, ya ƙifta mana ido.

"Ba-Ciniki, tun da kai mai ilimi ne, ina da tambaya. Wane irin mutum ne maigidanka Ɗanasabe?"

"Injiniya," in ji mazurari, "gwani ne. Ba a taɓa yin irinsa ba a ƙasar Kano."

Buba ya girgiza kai. "Kayya, jama'a, ya sake lalacewa. Ga shi yana sambatu. Ni kuwa in rediyon motata ya fara haka, duka ɗaya nake masa ya dawo daidai."

Ya ɗauko sandar da yake gwada taya da ita ya maka wa kwanon. Kai da ka taɓa zama cikin ɗakin kwano aka jefi rufin da dutse, ka san abin da ake ji a ciki.

"Wane irin mutum ne Ɗanasabe?"

"Yana da ƙoƙari."

Buba ya ƙara masa ɗaya.

"Yana da ɗan kuskure."

"Ya kusa gyaruwa," in ji Buba, ya ɗaga sanda da hannu biyu.

"Sakarai ne," in ji injin da sauri. "Babban sakarai ne."

"Madalla. Yanzu ya kama tasha."

Ina dariya har na zubar da madara, sai na ji iska mai sanyi ta bugi ƙeyata. Na waiga gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, ganyen mangwaro ya fara juyawa. Masu tire suka hau tattara kaya. Ta cikin ƙurar sai ga Delu, wadda ba ta taɓa taka tashar nan ba, lulluɓe da mayafi, tana tafe kamar mai zuwa karɓar haƙƙi. Bayanta yayanta Labaran kafinta ne, da guduma a hannu, yana jan amalanke.

"Yaya, ga shi nan," ta ce. "A fara da na sama."

Labaran ya sa guduma ya ɓanɓare ƙusar farko.

"Baiwar Allah," in ji mazurari, "a dakata. Wannan kayan gwamnati ne."

Delu ta tsaya. Ta dubi indararo, ta sauke ido ƙasa ta ga farcen. Ta daɗe tana kallonsa. Wallahi na ga tausayi ya gifta a fuskarta, don duk shirmensa mijinta ne. Sai aka yi tsawa, ta tuna gadonta da yaranta a ƙarƙashin sama.

"Wa ke magana, Yaya?"

"Inji ne," in ji Labaran.

"To inji ba shi da ta cewa a kan kwanona. Da maigidana yana nan da na saurare shi, amma yana Kano wurin manya. Ci gaba."

"Delu," in ji muryar, yanzu ba mazurari, "ki rufa mini asiri."

"Da me zan rufa, Malam? Rufin kai ka cire."

Labaran mutum ne mai saurin aiki. Fallen sama ya tafi amalanke, na dama ya bi, na hagu ya bi. Duk tashar, har fasinjojin da ke cikin mota, kowa ya manta da hadari ya zagaye. Da aka ɗage fallen gaba, sai ga Injiniya a tsugune a kan tire, daga shi sai gajeren wando, ya tuɓe komai saboda zafi in ban da hular Ikko. Jikinsa ya yi sharkaf da gumi da man kifi, yaji ya manne masa tun daga wuya har cibiya, mazurari a hannu. Ya ɗago ya dube mu, ya yi gyaran murya.

"Yanzu na dawo daga Kano," ya ce. "Ta baya na shigo."

Buba yana kwance a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya. Delu ta ƙirga kwanonta da ido, ta shafa ramin da aka huda na sule, ta ce Yaya zai toshe shi da kwalta. Sannan ta juyo.

"Ka ga dai ka yi gwajin da na ce, Malam. Tsugunon ɗaya ne. Sai dai zana ta fi sanyi, kuma ba a dukanta da sanda."

Ta zare tirenta daga ƙarƙashinsa, ta ɗora a ka. Ɗigon farko ya faɗo a kan hular Ikko. Labaran ya ja amalanke da gudu don a kai ga bugawa kafin ruwa ya kece, Delu ta juya za ta bi shi. Sai Iya Laraba, wadda ta kutso gaba tana ƙanƙance ido, ta riƙo mata mayafi.

"'Yar nan, kin kwashi kwanonki kin kwashi tirenki. Wannan na cikin fa, wa kika bar wa?"

Delu ta waiwaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Iya, ke kika fi kowa ciniki yau. Gyara ce, ki ɗauka."

Iya Laraba ta matsa kusa. Ta leƙa masa ido kamar yadda take wa karfasa, ta zagaya ta duba baya, ta sa yatsa ta latsa haƙarƙarinsa. Sannan ta goge yatsan a zanenta, ta ɗauki ƙwaryar daddawa.

"Tun da nake ban taɓa barin gyara ba," ta ce. "Amma wannan duk ƙaya ce. Na yafe."